Waiwaye: Jarumar da Tuwonta Bai Taɓa Yin Gudaji Ba

Tun da aka fasa wani aure a ƙauyenmu, can gabas da Wudil, bayan ƙaramar salla, bakin mutane bai huta ba. Yarinyar ba ta faɗi dalilinta ba, amma 'yan unguwa sun samo mata: wai littattafan waya ne suka hure mata kunne, tana jiran irin mijin da take karantawa. Daga tsakar gida magana ta fita dakalin ƙofar masallaci, ta hau mota ta je kasuwar Juma'a ta dawo. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Duk mai leƙa Facebook ya san ana ta wannan ja-in-ja. Wasu na cewa marubutan intanet sun ɓata tunanin 'yan mata da jaruman ƙarya, wasu na cewa a ƙyale mata su ɗan sha iska, ko mafarkin ma sai an hana su? Abu ɗaya ne ya haɗa ɓangarorin biyu, wai abin sabo ne, waya ce ta kawo shi. A nan na rabu da su duka.

Ga wanda bai san jarumar littattafan da ake faɗan a kansu ba, bari in gabatar da ita. Fara ce sol, gashi har gadon baya, hanci har baka, ga wushirya ga dara-daran idanu. Jini biyu gare ta ko uku, Fulani ta wajen uwa, Larabawa ta wajen kaka. Shekararta goma sha tara, amma ta haddace Alƙur'ani, ta gama karatun likita a ƙasar waje, in kuma ta ɗora tukunya sai maƙwabta sun leƙo ta katanga. In a ƙauye aka fara labarin, to tallan fura take yi, sai dai rana ba ta taɓa dafa mata fata ba, ƙafarta ba ta san kaushi ba, kuma wajen shafi na arba'in za a gano ashe 'yar wani attajiri ce da aka sace tun tana tsumma. Maza huɗu ne ke kwance da ciwon zuciya a kanta. Wanda zai same ta soja ne miskili, bai cika talatin ba ya zama janar, bai taɓa yi wa mace murmushi ba sai ranar da ya kusa buge ta da mota. Ita ba ta kuskure. In ta yi rashin kunya an ce tsiwa ce mai yi mata kyau, in ta yi kuka kukan ma ado ne. Can bayan labule kuma marubuciyar ce da kanta a laɓe, takan leƙo tsakiyar labari ta ce ita ma da ta ga wannan kyau sai da biro ya suɓuce mata.

Wannan yarinya ta girmi waya, ta girmi iyayen masu wayar. Tana nan a tatsuniyar 'yar bora mai haƙuri da ta ƙare a ɗakin ɗan sarki. Da aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya a 1933, cikin littattafan da suka fito har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma sunan jarumin da ya samo ruwan da ya gagari kowa Alhaji Imam. Ba wanda ya ga laifin haka, ni ma ban gani ba. A shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika Kano, a shekarun 1990 masana suka yi ta musayar alƙalami a jaridu a kansu, aka raɗa musu Adabin Kasuwar Kano, aka ɗora wa finafinan Indiya nasu kason na zargi. Kusan duk abin da ake faɗa yau a dakalinmu an faɗe shi a wancan lokacin.

Su ma Turawa suna da tasu, har suna suka sa mata. A Amurka an yi wani shirin talabijin, Star Trek, daga 1966 zuwa 1969, labarin ma'aikatan wani jirgi mai yawo a sararin samaniya. Masoyan shirin, da yawansu mata, suka riƙa ɗaukar taurarinsa suna ɗora nasu labarin a kai, su buga a 'yan ƙananan mujallun da suke haɗawa da kansu. Sai aka lura kusan kullum akwai wata sabuwar yarinya da ke faɗowa cikin jirgin ta fi kowa komai. A 1973 ɗaya daga cikinsu, Paula Smith, ta rubuta wani ɗan gajeren labarin barkwanci a mujallarsu mai suna Menagerie. Jarumar ita ce Laftanar Mary Sue, shekararta goma sha biyar da rabi, mafi ƙuruciya a duk masu muƙaminta. Kyaftin ya furta mata so, ta kuɓutar da manyan jirgin daga kurkuku da tsinken gashinta, ta riƙe jirgin da suka kwanta ciwo, daga ƙarshe ta mutu kowa na zubar da hawaye a kanta. Daga nan sunan ya bi duk irin wannan jaruma, namijinta kuma aka ce masa Gary Stu. Daga baya wasu sun mayar da sunan sanda, duk jarumar da ta iya wani abu sai a ƙwala mata. Amma asalinsa ba haka ba ne. Wadda ta yi dariyar 'yar ɗaki ce, tabarma ɗaya suke zama da waɗanda ta tsokana.

Mu ma mun taɓa mallakar irin wannan dariya, kuma rasa ta shi ne abin da ba na jin ana ambata.

Yayata ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a shekarun 1990. A lokacin marubuciya ba ta da komai sai littafin rubutu da biro. Bayan karatun dare za ta kwanta rub da ciki ta rubuta, in ya cika ya fara yawo daga gado zuwa gado. Kowa ya san rubutun hannun wace ce. Yaya ta ba ni labarin nata na farko: jarumar mai wushirya ce kamar ita, garinsu ma harafi ɗaya ya bambanta da namu, kuma ɗan sarki ya gan ta a bakin rijiya ya kasa barci. Littafin bai kwana biyu a hannun mutane ba wata ƙawarta ta tare ta a layin abinci ta ce, "Ke, wannan ai ke ce! To ina kika bar munsharin?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Yaya ta yi fushin kwana ɗaya, ta yage rabin littafin, ta sake shi. A sabon, jarumar tana da baƙin rowa, kuma rowar ce ta ja mata duk abin da ya same ta. Shi ne aka yi ta aro har bangonsa ya cire.

Wadda ta kai ga bugawa ma hanyarta doguwa ce. Sai ta gama labarin tukuna. Mai buga shi a keken rubutu ko kwamfuta zai karanta, wani a ƙungiyar marubuta zai duba, ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa zai jujjuya. Kafin ya iso ƙauye wajen matar da ke ba da hayar littafi, yara na kai wa amare gida-gida a cikin leda, idanu da yawa sun bi ta kansa. Ba na cewa duk sun ƙware. Jarumai marasa aibi sun sha tsallake wannan shinge. Amma mai rubutu tana da damar komawa shafi na uku ta gyara abin da ta gano a shafi na ɗari, kuma akwai wanda zai dube ta ido da ido ya ce wannan ya yi yawa.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, amma ba ita ce ta sauya labari ba. Wattpad ma, dandalin rubutu da karanta labarai a intanet da aka kafa a Kanada a 2006, da Facebook, allo kawai suka bayar. Abin da ya sauya komai ƙarami ne, shi ya sa aka tsallake shi: ranar da aka fara sakin labari shafi-shafi tun ba a gama rubuta shi ba.

A dubi yadda abin yake tafiya. Yarinya ko matar aure ta karɓo wayarta daga wurin mai caji da magariba. Bayan an kwashe tuwo, yara sun yi barci, ta zauna ta buga shafi ɗaya da babban yatsa, ta tura zauren WhatsApp. Kafin ta ajiye wayar sharhi ya fara sauka. Shafukan farko kyauta ne, na ɗanɗano. Daga nan mai son ci gaba sai ta tura kuɗi ta banki ko katin waya, ta nuna shaida, a sa ta a zauren waɗanda suka biya. Zauren da a 2016 yake ɗaukar mutum 256, tun 2022 yana ɗaukar 1,024. Wato mace ɗaya a ɗakinta, da fitilar waya, tana iya samun ɗaruruwan mutane tsaye a kanta kowane dare, kuma sun biya.

To me suke cewa? In jaruma ta yi wauta ta gaske, irin wadda ke zubar da mutunci, gari na wayewa za a tarar da ƙorafi: an ɓata mana ita, wallahi in ba a gyara ba mun daina karantawa. In ta sha wuya kwana uku a jere sai a ce marubuciya ba ta da imani. Makaranta sukan rabu gida biyu, kowane gida da saurayin da yake goyon baya, suna faɗa kamar auren ƙanwarsu za a ɗaura. Marubuciyar ita ma tana cewa in ba ta ga sharhi ba za ta ajiye alƙalami, domin sharhin nan shi ne kaɗai alamar cewa gobe akwai mai biya. Ga masu kwashe shafukan su baza a waje kyauta, tana bin su da Allah ya isa. A cikin wannan hali wa zai yi gangancin ba jarumarsa rowa? Shafin jiya ya riga ya fita, ba ya gyaruwa. Na yau dole ya ƙare da zaƙi. Duk aibin da aka soma ɗora wa yarinyar sai an wanke shi kafin mako ya zagayo: ashe ba ita ta yi ba, ashe asiri aka yi mata, ashe kishiya ce.

Shi ya sa nake ganin masu cewa marubuciya kanta take zanawa sun faɗi rabin magana ne. A zamanin littafin Yaya haka ne, mai rubutu ce ta shiga labari da wushiryarta. Ta yanzu kuwa riga ce da aka ɗinka don ta shiga jikin duk wadda ta biya, kuma rigar da za ta yi wa kowa daidai ba ta da siffar kowa. Ɗaruruwan da ke zauren ba su san marubuciyar ba, sunan aro take amfani da shi, ba mai iya tambayarta ina ta bar munsharin. Masu yabo sun yi yawa, mai tsokana ta ɓace.

Ban ga laifin mafarkin ba. Yarinyar da tun asuba take kan turmi da rijiya, wadda ba a taɓa tambayarta ra'ayinta a kan komai ba, in ta kwanta ta ga kanta ana miƙe mata in ta shigo ɗaki, wannan ba cuta ba ce. Abin da ke ci mini rai daban ne. Muguwar labarin kusan kullum baƙa ce, gajera, mai kaushi, wato mai kama da yawancin masu karantawa. Ƙauye kuma wuri ne da ake zuwa a ceto mutum daga cikinsa. Yanzu da ake karanta littattafan da murya ana zuba su a memori, har wadda ba ta yi boko ba tana ji tana daka. Na taɓa ce wa wasu 'yan mata su rubuta abin da ya faru a gidansu, ɗaya ta ce, "Gwaggo, mu me ya taɓa faruwa da mu?" Yarinyar da ta ga ambaliya ta cinye gonar babanta, ta ga auren yayarta ya mutu ya tashi. Alhali tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016 an ga irin abin da matanmu ke iya rubutawa in an ce a kawo labari kammalalle, kuma akwai mai karanta shi kafin duniya ta gani.

Da hutun nan 'yar ƙanena ta zo mini da littafin rubutu, ta ce ta ɗora labari a kan wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, tana so in ba ta aron waya ta fara saki. Na ce sai ta gama, kuma sai ta karanta mana a tsakar gida. Ta ɗauki mako uku. Daren da ta karanta, Yaya na nan, Inna ma ta jawo tabarmarta. Jarumin fim ɗin ya baro ƙasarsu ya sauka a wani ƙauye kusa da Wudil, ya ga wata yarinya 'yar shekara sha shida, likitar zuciya, mai jin harsuna bakwai. Muka yi shiru har aka zo inda ta tuƙa tuwon mutum hamsin ita kaɗai, ba gudaji ko ɗaya.

Inna ta ce, "Tsaya, kishiya. Wannan mai tuwon, ba ita ce shekaranjiya ta ba mu kunu da sunan tuwo ba?"

Dariya ta kece, har ita mai karatun, tana rufe fuska da littafin. Ta shige ɗaki ba sallama. Bayan kwana huɗu na ga ta yage wasu shafuka tana hura wuta da su. Na tambaye ta ina aka kwana. Ta ce, "Gwaggo, yanzu tuwon ya yi gudaji, kuma a gaban uwar mijin. Ban san yadda za ta fita ba tukuna."

Yaya da ke tsintar shinkafa ta ɗago kai ta ce in ta gano a kawo mata ta fara karantawa.