Tukunyar iska a baya ko a gefe: wacce ta fi daɗewa da mai nutso?

An daɗe ana cewa mai nutson da ya goya tukwane biyu a baya ya fi wanda ya rataye su a gefe yawan iska. Ba laifi, goyon ya fi cika ido. Amma lissafin ɗaya ne: tukunya mai lita 12 a matsin bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da matsattsiyar iska lita 2,400, biyu kuwa 4,800, ko a ina aka ɗaura su.

Bambancin yana wajen sarrafawa. Na baya haɗe suke da bututu mai makulli a tsakiya, agogon auna matsin iska ɗaya ya wadatar. In iska ta fara yoyo, sai an kai hannu bayan ƙeya an lalubo makullin. Na gefe kowace da bakin shaƙarta da agogonta, makullin yana ƙarƙashin hammata, ido na ganinsa. Sai dai dole a riƙa sauya shaƙa, kusan duk bar 30 zuwa 50, in ba haka ba ɗaya ta ƙare, jiki ya karkace.

Mai son tabbatarwa ya duba litar da aka buga a wuyan tukunya, ya ninka da abin da agogo ya nuna. Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu sana'ar ruwa.