Ma'anar "zaɓen na'ura": abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya

Duk lokacin da aka taɓo gyaran dokar zaɓe, sai kalmar nan ta cika gidajen rediyo da majalisun 'yan siyasa. Wani ya ce a koma zaɓen na'ura a huta da maguɗi, wani ya ce ai zaɓen na'urar ne ya cuce mu a 2023. Su biyun duk sun kauce, domin hukumar INEC ba ta taɓa gudanar da babban zaɓe da na'urar kaɗa ƙuri'a ba. A 2015, da 2019, da 2023, takarda aka miƙa wa kowa, ya dangwala yatsa, ya jefa a akwati, aka zazzage aka ƙirga da hannu a gaban jama'a. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jin wannan ruɗani a bakin mutanen Kaduna, alhali su ne suka fara taɓa ainihin na'urar kaɗa ƙuri'a a Nijeriya.

Ayyuka uku ne daban-daban: tantance mai zaɓe, kaɗa ƙuri'a, da tura sakamako. Na'urar BVAS tana yin na farko da wani ɓangare na na ukun. Tana nemo sunanka ta katin zaɓe, ta gwada zanen yatsanka, in ya ƙi ta gwada fuskarka, sannan ta ƙara ɗaya a lissafin waɗanda aka tantance. Ba ta san jam'iyyar da ka zaɓa ba, ba ta kuma ƙirga ƙuri'a ko ɗaya. Tantancewar ma ba ta buƙatar sabis, domin rajistar rumfar tana cikin na'urar tun kafin a fito da ita. Don haka in malamin zaɓe ya ce ba za a tantance mutane ba saboda babu netwok, a sake tambayarsa da kyau. Abin da ke hana ta aiki da safe yawanci batir ne da ba a cika da caji ba, ko an kai na'urar wata rumfa zuwa wata, ko yatsun da noma da wanki suka cinye zanensu, ko hasken rana da ke dukan kyamara.

Na'urar kaɗa ƙuri'a kuwa ita ce wadda hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, ta kawo a zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 12 ga Mayu, 2018, zamanin gwamna Nasir El-Rufai, aka sake amfani da ita ranar 4 ga Satumba, 2021. Allo ne mai ɗauke da alamomin jam'iyyu. Ka taɓa wadda kake so, ka tabbatar, na'ura ta ajiye ƙuri'ar a cikinta, in an tashi ta buga jimilla. Tana da sauri, kuma ta kawar da asarar ƙuri'u ta hanyar lalacewa, irin wadda tawada kan tsallaka gidan wata jam'iyya. A 2021 jam'iyya mai mulki ta faɗi a rumfar da gwamnan kansa ya yi zaɓe a Unguwar Sarki, masu goyon bayan tsarin suka riƙa kafa hujja da hakan, kuma hujja ce mai nauyi.

Sai dai a duba inda take yoyo. Babban ƙorafin 2018 shi ne mutum ɗaya yana iya kaɗa ƙuri'a fiye da sau ɗaya, saboda na'urar tana ƙirga taɓawa ne, ba ta san fuskar mai taɓawar ba. In jami'in da ke buɗe ta ya haɗa baki da wani, za ta karɓi ƙuri'a hamsin daga yatsa guda, ta kuma buga su a tsaftace babu kankara ko gyara. Wannan ne haɗarin da ba a cika faɗa ba: aringizon da aka yi da biro yakan bar tabo a takarda, wanda aka yi da na'ura kuwa fes yake fitowa. Kuma ko na'ura ta faɗi gaskiya a rumfa, mutum ne ke tattara alƙaluman gunduma ya kai ƙaramar hukuma, kuma a wannan tafiya ce jam'iyyun adawa suka fi kuka. A zaɓen Oktoba 2024 jihar ta koma takarda.

To mene ne ya lalace ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya? Kashi na uku ne, tura sakamako, kuma nan ma kalmar "turawa" tana yaudarar mutane. Bayan an gama ƙirge, malamin zaɓe yakan cike fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, da biro, ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa nasu, a ba kowa kwafi, a manna sakamakon a bango. Sai ya ɗauki hoton fom ɗin da BVAS ya ɗora a IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet, wanda aka fara gwadawa a wani zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa a Agustan 2020. Hoto ne kawai yake tafiya. Babu wata kwamfuta a Abuja da ke haɗa alƙaluman rumfuna 176,846 ta fitar da wanda ya ci. Takardar ce ake ɗauka da hannu zuwa cibiyar gunduma, daga nan ƙaramar hukuma, sai jiha. Amfanin hoton shi ne ya zama shaida: in rumfarku a Rigasa ko Tudun Wada ta rubuta 143, aka wayi gari ta koma 443 a wajen tattarawa, kowa zai iya buɗe waya ya gani.

A wannan rana hotunan zaɓen 'yan majalisar dattawa da na wakilai sun riƙa hawa, na shugaban ƙasa suka ƙi, daga na'ura ɗaya a hannun mutum ɗaya. INEC ta kira abin tangarɗar na'ura. Daga baya rahotonta ya ce matsalar daga rumbun bayanai take: an tsara shi yana jera kowane zaɓe a ƙarƙashin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai ya rasa inda zai ajiye hotunan. Ta fuskar fasaha bayanin yana iya yiwuwa. Amma kuskure ne da gwaji na gaskiya kafin zaɓe ya kamata ya tono, kuma sa'o'in da hukumar ta yi ba ta yi wa jama'a gamsasshen bayani ba sun fi tangarɗar kanta ɓarna. Shaidar da ta iso bayan an riga an tafi da takarda, ƙarfinta ya ragu. Ranar 26 ga Oktoba, 2023 Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wajen tattara sakamako ba ne, kuma rashin ɗora hoto bai isa ya rushe zaɓe ba. Hukuncin ya bi lafazin dokar zaɓe ta 2022, amma ba abin da talaka ya fahimta ba ke nan lokacin da ake tallata masa na'urar.

Shari'ar Osun ma ta nuna wani lungu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar gwamnan jihar, Ademola Adeleke, a Janairun 2023 bisa zargin ƙuri'u sun fi adadin waɗanda aka tantance, tana dogaro da rahoton da aka ciro daga rumbun INEC tun na'urori ba su gama aika bayanansu ba. Kotunan sama suka rushe hukuncin, Kotun Ƙoli ta ce na'urar da aka yi aiki da ita a rumfa ita ce shaidar farko.

Ni a ganina, tambayar da ta dace a yi wa duk mai tallar zaɓen na'ura ita ce: wace takarda za ta rage a hannun wakilin jam'iyya, wadda za a iya sake ƙirgawa in an yi jayayya? Kotun tsarin mulkin Jamus ta hana amfani da na'urorinsu a 2009 a kan wannan dalili, cewa dole ɗan ƙasa ya iya bin diddigin ƙuri'a ba sai ya zama masanin kwamfuta ba. Indiya kuma ta haɗa wa nata na'urar buga 'yar takarda da mai zaɓe ke gani ta gilashi kafin ta faɗa akwati.

A rumfa, wakili ya nemi a nuna masa BVAS tana kan sifili kafin a fara. In an rufe, ya rubuta adadin da ta tantance, ya gwada da wanda aka sa a EC8A, domin sashe na 51 na dokar 2022 ya ce a soke sakamakon rumfar da ƙuri'unta suka haura wannan adadi. Ya karɓi kwafinsa mai sa hannu da hatimi, ya ɗauki hotonsa da wayarsa, sannan ya bi takardar har cibiyar gunduma.