Waiwaye: Huda maƙogwaro da tambayar kwana nawa bututu zai yi

A shekarun 1830 likitan Faransa Armand Trousseau yana huda maƙogwaron yaran da mashaƙo ya toshe wa numfashi, ya saka musu bututu. Ba wanda ke tambayar kwana nawa bututun zai yi a lokacin, ta rai ake yi, kuma da yawa ba su kai labari ba. Sai a 1909 Chevalier Jackson na Amurka ya tsara yadda za a yi tiyatar cikin natsuwa, mataki bayan mataki.

Annobar shan inna da ta auka wa Kofanhegan, babban birnin Denmark, a 1952 ce ta sauya lissafi. Bisa shawarar likita Bjørn Ibsen aka huda maƙogwaron marasa lafiya, ɗaliban likitanci suka riƙa matsa musu jakar iska da hannu dare da rana, ana karɓa-karɓa. Daga nan bututu ya koma abin da ke zama makonni, wani lokaci watanni. A 1960 Björk, likitan Suwidin, ya kawo dabarar yanko ɗan leɓe daga bangon maƙogwaro a ɗinke shi da fatar wuya, ramin ya zauna a buɗe.

A 1985 Pasquale Ciaglia, likita a Amurka, ya zo da wata hanyar: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a yi ta faɗaɗa ramin har bututu ya shige. A bakin gado ake yi, ba sai an gungura mutum da injin numfashinsa zuwa ɗakin tiyata ba. Ciwon bai cika ruruwa ba, tabon ƙarami ne, in an cire bututu ramin kan rufe da kansa cikin kwanaki. Ɗakunan kulawa ta musamman suka rungume ta hannu bibbiyu.

To amma saurin rufewar nan shi ne matsalarta ga wanda zai daɗe. Ma'aikaciyar jinya ta zare tsohon bututu don ta saka sabo, ramin ya fara tsukewa nan take, tana turawa bakin bututun ya kauce ya shige tsakanin tsoka, mara lafiya na haki, iska ba ta isa huhu. Haɗarin ya fi yawa a kwana 7 zuwa 10 na farko. Shi ya sa likitoci da dama, musamman a Jamus, suka fi son ramin da aka ɗinke bakinsa da fata, irin na Björk, ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya, ko mai rauni a laka, wanda za a riƙa canza wa bututu a gida. Ɗinkakken ramin shi ma yana da nasa nauyin, don sau da yawa sai an sake tiyata kafin ya rufe.

Ƙa'idar kamar mai sauƙi: faɗaɗawa ga wanda ba zai daɗe da bututu ba, ɗinki ga wanda zai daɗe; sai dai hasashen wanda zai daɗen ne da wuya. Binciken TracMan na Birtaniya da ya fito a 2013 ya bi marasa lafiya 909 da likitoci suka yi zaton za su daɗe a kan inji. Cikin waɗanda aka jinkirta wa hudawar zuwa kwana 10, fiye da rabi ba a ma yi musu ita ba. A ganina wannan ya isa ya sa a daina yanke hukunci a ranar farko. Kamata ya yi a duba ko ciwon na huhu ne mai wucewa ko na ƙwaƙwalwa ne, a kuma tambayi iyali wa zai kula da bututun bayan sallama. In an faɗaɗa rami sannan jinya ta yi tsawo, ana iya mayar da shi ɗinkakke kafin a sallami mutum.