Kakar hurling ta 2018 a Ayilan: yadda Limerick ta kashe ƙishirwar shekara 45

Wane irin wasa ne hurling?

Wasan gargajiya ne na mutanen Ayilan. Kowane ɓangare 'yan wasa 15 ne, kowa riƙe da sanda mai faɗin baki wadda aka sassaƙa daga itace, ana bugun wata 'yar ƙwallon fata da suke kira sliotar, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Ana cafe ta a sama, ana gudu da ita a kan bakin sanda, ana kuma maka ta daga nesa. In ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu maki ɗaya ne. Saboda haka idan ka ga an rubuta 3-16, ana nufin ƙwallo uku a raga da maki 16, jimilla 25. Minti 70 ake yi.

Hukumar wasannin gargajiya ta Ayilan, wato GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ita ke shirya gasar tsakanin gundumomi, wanda ya yi nasara kuma ya ɗaga Kofin Liam MacCarthy. Ba a biyan 'yan wasa albashi, ba kuma cinikinsu ake yi ba. Malamin makaranta ne, ko ɗalibi, ko ma'aikacin banki, yake buga wa gundumarsu.

Me ya bambanta 2018 da shekarun baya?

Tsarin gasar aka sauya. A da, wasan sili-ɗaya-ƙwale ake yi a lardunan Munster da Leinster, waɗanda aka fitar kuma su sake neman shiga ta ƙofar baya. A 2018 aka zuba gundumomi biyar-biyar a kowane lardi, kowa ya kara da kowa. Biyu na sama su buga wasan ƙarshe na lardi, ta uku ta wuce zagayen share fage, sauran kuwa su tattara kayansu tun watan Yuni. Aka kuma ƙirƙiro Kofin Joe McDonagh domin gundumomi masu tasowa, Carlow ta fara cin sa.

Tsarin bai yi wa manya sassauci ba. Tipperary, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 2016, ta buga wasa huɗu ba ta ci ko ɗaya ba. Cork ta lashe Munster, Galway mai riƙe da kambu ta lashe Leinster bayan sai da ta sake karawa da Kilkenny.

To ina Limerick a duk wannan?

Ta uku ta zo a Munster, kuma Clare ta yi mata dukan kawo wuƙa a Ennis, 0-26 da 0-15. Daga nan ta lallasa Carlow, sannan ta doke Kilkenny 0-27 da 1-22 a Thurles. Rabon da Limerick ta ci Kilkenny a wannan gasa tun 1973, shekarar da ta ɗauki kofin na ƙarshe kafin 2018. A ganina ranar ce yaran koci John Kiely suka yarda da kansu, domin Kilkenny ta zura ƙwallo a raga ana dab da tashi ta shige gaba, amma ba su rikice ba, suka dinga tara maki ɗaya-ɗaya har suka ƙwace wasan.

Na ce yara don yawancinsu ba su daɗe da fitowa daga tawagar 'yan ƙasa da shekara 21 ba, wadda ta ci kofin ƙasa a 2015 da 2017.

Me ya sa har yau ake maganar wasansu da Cork?

Saboda a wannan wasa na kusa da na ƙarshe, saura kamar minti takwas a tashi Cork tana gaba da maki shida, Limerick ta farke su. Sai kuma abin da gola Nickie Quaid ya yi a mintunan da alƙalin wasa ya ƙara. Ƙwallo ta iske Séamus Harnedy na Cork a bakin raga, ya sake ta daga hannu zai maka, kafin sandarsa ta same ta Quaid ya yi sufa ya miƙa tasa sandar ya tsame ƙwallon a iska. Da ya makara da ƙiftawar ido, da labarin nan bai taso ba. Aka tafi ƙarin lokaci, Limerick ta ci 3-32 da 2-31. A ɗaya ɓangaren ma Galway da Clare kunnen doki suka yi, sai a karo na biyu Galway ta tsira da maki ɗaya.

Yaya wasan ƙarshe ya kaya?

Ranar 19 ga Agusta aka yi shi a filin Croke Park da ke Dublin, gaban 'yan kallo fiye da 82,000. Graeme Mulcahy da Tom Morrissey suka zura wa Galway ƙwallo a raga, Shane Dowling ya taso daga benci ya ƙara ta uku a minti na 68, tazara ta zama maki takwas. Sai aka ɗaga allo: an ƙara minti takwas.

Sai ka san tarihi za ka gane abin da ya sa cikin mutanen Limerick ya ɗuri ruwa. Tun bayan 1973 sau biyar suna zuwa wasan ƙarshe suna komawa hannu rabbana: 1974, 1980, 1994, 1996 da 2007. Na 1994 ya fi ciwo, suna gaba da maki biyar saura minti biyar, Offaly ta juye musu ta ci su da maki shida.

Kamar za a maimaita. Conor Whelan na Galway ya zura ɗaya, Joe Canning ya ɗirka ta biyu daga bugun tazara, tazarar ta narke ta koma maki ɗaya. Bugu na ƙarshe ma Canning aka ba, daga can nesa, in ta haye an yi canjaras. Ƙwallon ba ta kai ba, ta faɗo cikin turmutsutsu a bakin raga, Tom Condon ya fito da ita a hannu, aka busa tashi. Limerick 3-16, Galway 2-18. Kyaftin Declan Hannon ya ɗaga kofin, na takwas a tarihin gundumar.

Su wa suka fi haskakawa?

Kyle Hayes aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe, Cian Lynch kuma gwarzon shekara. Ni dai da za a tambaye ni, Quaid zan miƙa wa.

Sa'a ce kawai, ko da sauran magana?

Masu cewa sa'a ce sun sami abin faɗa a 2019, da Kilkenny ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da maki ɗaya. Daga nan Kiely da kusan wannan tawaga suka ɗauki kofin sau huɗu a jere, daga 2020 zuwa 2023.