Haɗa abinci daga tushe a karkarar Kano da Jigawa

Haɗa abinci daga tushe shi ne a ɗebo hatsi a rumbu, a sarrafa shi a gida har ya zama tuwo, fura ko koko, ba tare da an sayi gari ba. A ƙauyukan Kano da Jigawa gero da dawa ne ginshiƙin wannan girki, sai masara, da shinkafa a yankunan noman rani irin su Kadawa da fadamar Haɗejiya. Ana yi masa kallon mafi arha, amma arhar tasa ta dogara ne da cewa ba a yi wa aikin mace kuɗi.

Kafin damin gero ya zama malmala, sai an yi sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi ana yayyafa ruwa, a bakace a faifai, a wanke, a baza ya sha iska, sannan a kai inji a dawo a tankaɗe. Wannan kan cinye safiya guda, ban da ɗiban ruwa. Wurin da kuɗi ke fita a zahiri shi ne niƙa da makamashi. Yawancin injinan ƙauye da fetur ko dizal suke aiki, don haka da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin niƙan kwano ya tashi. Da rani karan gona yana rufa asiri a murhu. Da damina kuwa itace ya jiƙe, ga tsada.

Abin da ke rage asarar shi ne ba a zubar da komai. Dusa ta awaki ce, ƙasarin wankin hatsi shi ma dabbobi ke sha, tsaki na kaji ne ko a yi dambu da shi, toka kuma a tace ruwanta a sa a miya maimakon kanwa. Gidan da ke sayen gari ya rasa duk waɗannan, akuyarsa ma sai an saya mata dusa.

Ba kowane abu ne ke biyan wahalarsa ba. Daddawa ita ce misali: kalwar ɗorawa kan kusa wuni a wuta, a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa. Itacen da za ta ci bai dace da tukunyar gida ɗaya ba, shi ya sa mace ɗaya ke yi da yawa unguwa ta saya, ko a jefa dunƙulen Maggi a wuce wurin. Haka man gyaɗa: mai matsewa tana samun riba ne saboda tana sayar da ƙuli-ƙulin da ta soya daga tunkuza. Daga nan sana'ar cikin gida ta samo ƙarfi, inda matan aure ke yin fura, ƙosai da ɗanwake, yara na kai talla. Polly Hill, 'yar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano, ta kira wannan sana'a da sunan "ɓoyayyen ciniki" a 1969.

Lokaci ma yana sauya lissafin. Da kaka hatsi ya yi araha, manomi ya sayar don biyan bashin taki, buhunan su nufi kasuwanni irin su Dawanau da Maigatari. Zuwa Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin ne zai koma awo da tsada. A irin wannan lokaci gida mai mutum biyu ko uku yakan ga sayen fura ko ɗanwake a maƙwabta ya fi masa sauƙi a kan hura wuta, gandu mai baki ashirin kuwa dole ya ɗora tukunya.