Tulip, furen da ba ya buɗewa sai ya sha sanyi

Shin tulip ɗan ƙasar Holan ne?

A'a, baƙo ne a can, duk da cewa yau babu ƙasar da ta kai Holan noma shi. Asalinsa tsaunukan tsakiyar Asiya ne, wajen Tien Shan da Pamir, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu, rani kuma ya zo da bushewa. Daga nan ya ratso Farisa, ya shiga lambunan sarakunan Daular Usmaniyya a Istanbul. A 1593 ne masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden, nomansa ya kankama a Holan.

Me ya haɗa shi da sanyi haka?

Duk halinsa daga nan ya taso. A ƙarƙashin ƙasa yana da curi kamar albasa, a ciki yake ajiye abinci, kuma tun lokacin zafi ɗan furen baɗi ya riga ya samu a tsakiyar curin, yana kwance. Ba zai miƙe ba sai ya yi mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai wuce digiri 9 ba. Shi ya sa Turawa ke binne shi wajen Oktoba da Nuwamba, su ga fure a Afrilu. Idan sanyin bai isa ba, karan ya fito gajere, ko ganye kawai ya fito.

Bayan furen ya zube, manomin da ya san aikinsa ba ya yanke ganyen. Barinsa yake ya bushe da kansa, domin ta ganyen ne sabon curi ke cika. Wanda kuma ya ce da iri zai shuka, to ya tanadi haƙuri, don sai ya jira shekara 5 zuwa 7 kafin furen farko.

Gaskiya ne yana rufewa da dare?

Gaskiya ne. Ɗumi ke buɗe shi, sanyi ya rufe shi. Ko an yanke shi an sa a kwalbar ruwa, karan na ci gaba da tsawo, yana karkata wajen haske.

Masu zane-zane, ja da fari a haɗe fa?

A nan abin dariyar yake. Waɗanda attajiran Holan suka yi ta rububi a kansu, irin su Semper Augustus, har farashin curi ɗaya ya kai na gida kafin kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637, marasa lafiya ne. Ƙwayar cuta ce, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, take hana launi bazuwa daidai a jikin furen, kuma tana raunana curin a hankali. Sai a 1928 wata masaniyar cututtukan tsirrai, Dorothy Cayley, ta gano a Ingila cewa ƙwayar cuta ce. Masu zanen da ake sayarwa yanzu yawanci lafiyayyu ne, ta hanyar haɗa iri aka samar da su. Launuka kuwa akwai ja, rawaya, fari, ruwan hoda, har da mai duhu kusan baƙi, amma shuɗi na ainihi babu.

Ana cin curin?

Kada a gwada. Mutanen Holan sun ci shi a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, amma dole ce ta sa. Yana da sinadarin da ke sa yatsun ma'aikata ƙaiƙayi da tsagewa, yana kuma cutar da kyanwa da kare.

Zai yi a Kano ko Damagaram?

Da wuya. Hunturunmu da dare da asuba yake cizo, kafin azahar rana ta ƙwalle. Mai sha'awa zai iya ajiye curin a firji na wata uku, nesa da ayaba da tuffa domin iskar da suke fitarwa tana lalata furen da ke ciki, sannan ya dasa a tukunya a inuwa. Ko ya dace, fure ɗaya zai gani, baɗi sai ya sayi sabo.