Mai a cikin lagireto: abin dubawa kafin a kwance kan injin

Tambaya: Na buɗe murfin lagireton tsohuwar motata, na tarar ruwan ya zama dagwalo mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa. Gasket ne ya ƙone?

Amsa: Yana iya zama shi, amma kada ka yarda a taɓa kan injin tukuna. Abin yana damuna idan na ga an warwatsa injin tun ba a gwada komai ba, a sa sabon gasket, a ɗaure, bayan kwana kaɗan mai ya sake tasowa. Ƙofofin da mai ke bi ya shiga ruwa sun fi ɗaya. Akwai gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da bulok (gangar jikin injin), akwai tsagewa a kan injin ko a bulok. Akwai kuma na'urar sanyaya baƙin mai, wadda a motoci da yawa take manne kusa da filtar mai, ruwa da mai na ratsa ta, ɗan siririn ƙarfe da roba ne kawai tsakaninsu. Idan giyar motar otomatik ce, akwai ƙofa ta huɗu: bututun sanyaya man giya da ke cikin tankin lagireton kansa.

Tambaya: To yaya zan gane wane mai ne?

Amsa: Bari injin ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi na ƙona fuska da hannu. Ɗebi ruwan a kwalba mai haske ka ajiye, man zai taso sama. Idan baƙi ne ko ruwan ƙasa, galibi baƙin mai ne. Idan ja-ja ne ko ruwan hoda, zargi man giya, don yawancinsa ja ne. Nan take a duba man giyar. In shi ma ya gauraye, kada motar ta ƙara motsawa, saboda ruwa na ɓamɓare fatar kulocin da ke cikin giya, kuma wannan gyara ya fi canjin lagireto nauyi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sandar awon mai fes take, babu alamar ruwa. Me ya sa?

Amsa: Ƙarfin matsi ne ya bambanta. Idan injin na aiki, famfon mai kan tura shi da ƙarfin da ya kai bar 2 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne), wani lokaci fiye, alhali ruwan lagireto bai cika wuce bar 1 da 'yan kai ba. Duk inda aka sami 'yar kafa tsakaninsu, mai ne ke rinjaya ya kutsa cikin ruwa. Sai an kashe injin labarin ke juyawa: matsin mai ya faɗi ƙasa nan take, na ruwa kuwa yana nan har injin ya huce, to a lokacin ne ruwa ke iya tsiyaya cikin mai. Shi ya sa tsabtar sanda ba ta wanke injin daga zargi. Hasali ma mai a ruwa ba tare da ruwa a mai ba, kuma injin bai taɓa ɗaukar zafi ba, ya fi nuna na'urar sanyaya mai. Daga nan nake so a fara.

Tambaya: Wane gwaji zan nemi bakanike ya yi?

Amsa: Ya cire na'urar sanyaya man, ya toshe kafa ɗaya, ya hura mata iska a cikin ruwa. In ta yi kumfa, an kama ɓarawo. In lafiyarta ƙalau, sai a koma kan injin. Akwai wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin silinda na shiga ruwa a injin fetur. Akwai awon matsin kowace silinda, da matsa wa lagireto iska a ga ko allurar ma'aunin matsi za ta sauka. A duba filogi, a duba ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan injin ya yi ɗumi, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

Amma a lura: shuɗin ruwan nan, hayaƙi kawai yake ganewa. Gasket na iya fashewa tsakanin hanyar mai da ta ruwa bai taɓa silinda ba, gwajin ya fito lafiya alhali ciwon na nan. In har ta kai ga kwance kan, lallai a auna shi a ga ko ya lanƙwashe, a kuma gwada tsagewa. Kan alminiyam a bisa bulok na ƙarfe ya fi shiga wannan hali, domin alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen.

Tambaya: Farin kitse-kitsen da ke ƙarƙashin murfin zuba mai fa?

Amsa: Shi kaɗai ba hujja ba ne. Motar da ba ta tafiya mai nisa kan tara raɓa a wurin.

Tambaya: Zan iya ci gaba da hawa har in sami sarari?

Amsa: Ban ba ka shawarar haka ba. Mai na lulluɓe cikin lagireto ya hana zafi fita, yana toshe ƙananan bututu, yana kuma kumbura tiyo har ya yi laushi ya fashe a hanya. Injin da na'ura guda ce ta lalace masa sai ya ɗauki zafi, gasket ɗin da yake lafiya ya bi sahu.

Tambaya: An gyara, amma har yanzu ina ganin mai sama-sama. Aikin bai yi ba ke nan?

Amsa: Ba lallai ba. Tsohon mai na maƙalewa a lungunan injin da na hita, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. A wanke da maganin wanke lagireto, a ɗauraye sau da yawa, a canja tiyon da ya yi laushi da murfin lagireto. Tsohon ruwan guba ne, kuma zaƙinsa na jan yara da dabbobi, kada a bar shi a buɗe. Daga nan ka riƙa lura: in man saman ruwa na raguwa kuma sandar awo na nan daram, saura ne ke fita. In yana ƙaruwa, baƙin mai kuma na sauka, a koma gwaji.